Ba a Faɗin Mutuwa a Tsaye

A Kazaure, in ka hau benen nan da ke bayan tashar mota ka tambayi Ukasha, za a nuna maka wani siririn mutum a lungu, ya ƙura wa kwamfuta ido, shayinsa ya huce a gefe. Abokan aikinsa Alƙali suke ce masa, saboda ba ya sa wa aiki hannu sai ya juya shi ciki da bai. Da can sunan tsokana ne, in an faɗa har dariya yake yi. Yanzu ba ya yi, su ma sun rage faɗa. Baƙo zai ɗauka miskilanci ne, alhali ba haka aka haife shi ba. Wani alkawari ne ya mayar da shi haka. Mahaifinsa ya ce masa, duk ranar da ya mutu, shi Ukasha ne zai je Babura da ƙafarsa ya gaya wa Gwaggo Batulu, yayar uban, kafin ta ji a bakin kowa. Ukasha ya ce to. Ba za a gane nauyin wannan amsa ba sai an san ko wane ne uban.

Malam Daudu jakada ne a gidan hakimi a ƙasar Roni, tun zamanin da mai keke ke da daraja. Ba shi da sarauta, bai yi boko ba, aikinsa aike. Kiran masu rigimar gona, saƙon dagatai, sanarwar allurar shanu, duk shi ne. Amma abin da ya yi suna a kai shi ne kai labarin rasuwa. In ɗan gari ya mutu a Kano ko a hanyar Kudu, ba a tura kowa gidansu sai Daudu. Har waɗanda ba ruwansu da gidan hakimi sukan zo su durƙusa a ba su aronsa.

Yana da yadda yake yi. Tun daga nesa zai sauka daga keke ya turo shi a hankali, don kada a ga alamar sauri. Ya yi sallama, ya nemi tabarma. A kawo ruwa ya sha ko da ba ya jin ƙishi. Ya tambayi gona, ya tambayi awaki, idonsa kuwa na ƙirga su wa ke gidan. In ya ga tsohuwa ce ita kaɗai, sai ya ƙirƙiro dalili a kira maƙwabciya. Sai kowa ya zauna sannan zai ce jikin wane ya yi tsanani, ya yi shiru, ya bar mutum ya taho da kansa har ya iso bakin maganar. In an tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce sai haƙuri. Duk ilminsa a magana ɗaya yake dunƙule shi, ba a faɗin mutuwa a tsaye. Ba irin yanzu ba, da mutum zai buɗe waya yana cin ƙosai ya ci karo da hoton uwarsa an rubuta Allah ya jiƙan rai a ƙasa, wanda ya saka kuma yana ganin ya yi abin kirki don ya riga kowa.

'Ya'yan Daudu maza biyu ne. Babban, Shafi'i, ɗan kasuwa ne, hatsi yake saye a Gwiwa ya kai inda ya fi tsada, mutum mai zafin nama wanda in ya ce a tashi ya riga ya kai ƙofa. Ƙaramin shi ne Ukasha, mai sanyi, mai yawan tambaya, wanda tun yana ƙarami in aka aike shi sai ya maimaita aiken sau biyu kafin ya fita. Uban bai taɓa yaba masa a gabansa ba, irin na mutanen da, amma in aike mai nauyi ne a cikin gida shi ake kira. Ya yi makaranta a Kazaure, ya karanci kwamfuta, ya fito ya zauna shekaru ba aiki. Ya yi gyaran waya a rumfar wani, ya koyar a makarantar kuɗi da ba ta biyan kuɗi, ya auri Sadiyya a ɗakin haya, kafin Allah ya kawo aikin benen nan.

Kamfanin ƙarami ne, na wasu samari 'yan gari da suka yi karatu a waje suka dawo. Manhaja suke yi ta waya, wadda mutum zai yi wa magana da Hausa ta yi masa aike. Sunan da suka raɗa mata bai bi ta ba, mutane ɗan aiken waya suke cewa. Shi ɗan aiken nan ba hannu ba ƙafa. Abin da yake da shi kayan aiki ne da injiniyoyi suka ƙera masa, wannan na duba farashin hatsi, wannan na kama wa mutum wuri a mota, wancan na tura saƙo, wancan na tuni. Kowanne da ɗan bayaninsa, layi biyu ko uku, mai faɗin abin da yake yi da lokacin da ake ɗaukarsa. Ɗan aiken bai taɓa ganin kayan da idonsa ba. Bayanin kawai yake karantawa ya yanke shawara, don haka in bayani ya karkace aike ma ya karkace.

Aikin Ukasha shi ne awon bayanin nan. Sai ya zauna ya tsara buƙatu irin yadda mutane ke magana a gaske, da kwana-kwana da rabin zance da komai, ya riƙa jefa wa ɗan aiken yana kallo. Ya ɗauki kayan da ya dace? Ya cika abin da ake nema? Da aka bar masa giɓi, ya tambaya ko ya yi gaban kansa? In ya yi kuskure, Ukasha ba ya ganin laifinsa, bayanin yake komawa ya tuhuma, don a gidansu ya taso yana jin cewa in ɗan aike ya ɓata, a tambayi wanda ya aike shi.

Kuma ya iya aikin, wannan ba a ja. Shi ne ya gano bayanin kayan tuni da na kayan saƙo sun yi kama kamar tagwaye. Ya gwada da cewa, ka tuna mini in gaya wa surukata ta dawo mini da tukunyata, sai ga ɗan aike ya zarce ya tura wa surukar. Da a wayar matar wani abin ya faru, da sai an tara dattawa. Shi ne kuma ya mayar da bayanin farashi har sau nawa, don bai ce a tambayi mutum tiya yake nufi ko buhu ba, naira ko sefa, alhali rabin masu tambayar 'yan Babura ne da ke ciniki da mutanen Nijar. Muhsin, injiniyan da ke rubuta bayanan, in ya ga Ukasha ya nufo shi sai ya dafe kai.

"Alƙali, yau kuma wa za a ɗaure?"

"Ba kowa. Ka faɗi lokacin da za a ɗauka, ba ka faɗi lokacin da ba za a ɗauka ba."

Wannan ita ce maganarsa kullum, har Muhsin ya haddace yana riga shi ƙarasawa. A riƙe ta, don nan ne abin takaicin yake.

Wata Juma'a da ya je Roni, ya zauna a zaure yana ƙoƙarin fahimtar da uban irin aikin da yake yi. Malam Daudu a lokacin ya ajiye keke, ƙafafu sun fara kumbura. Ya karɓi wayar ya riƙe ta nesa da fuska, ya tambaye ta nawa ake sayar da gero a Babura, ta ba shi amsa. Abin ya burge shi ƙwarai, ya sake tambaya don jin daɗi.

"Ashe jakada ne," in ji shi. "Kai kuma kai ne mai duba ko an aike shi daidai."

"Haka ne, Baba."

"To, madalla. Shi wa ya raine shi?"

Ukasha ya yi dariya, ya ce ai shi ba a rainonsa, rubuta masa ake yi. Tsohon ma ya yi dariya, ya miƙa masa wayar, aka kawo fura suka shiga wani zancen. Ranar Ukasha ya koma Kazaure da farin ciki, don a iya saninsa wannan madalla ita ce yabo na farko da ya taɓa samu a bakin uban.

Ana gab da kaka, lokacin bukukuwa, Muhsin ya ƙera sabon kayan aiki, na sanar da dangi. Bayaninsa gajere ne: yana tura saƙo ɗaya ga dukan dangin mai waya a lokaci guda, a ɗauke shi don sanarwar da ta shafi kowa, kamar suna, ɗaurin aure ko jana'iza. Ukasha ya zauna a kansa yadda ya saba. Ya gwada suna, ya gwada aure, ya gwada jana'iza ta fuska iri-iri. Kowane karo ɗan aike ya ɗauki kayan da ya dace, ya sa wuri, ya sa lokaci, in ba a faɗi lokacin ba ya tambaya. Saƙo ya isa duk lambobin gwaji ba wanda ya ɓace. Ukasha ya rubuta cewa bayani ya cika, ya ba shi maki mafi girma. Muhsin ya zagaya ofis yana nuna wa mutane, wai yau Alƙali ya sallami mutum ba tara.

Abin da ya faru kuwa mai sauƙi ne. Ukasha ya karanta bayanin da idon ɗan Daudu. Da ya zo kan kalmar jana'iza, kansa ya cike sauran da kansa, wa ake fara gaya wa, wa ake ɓoye wa, wa ake zuwa a zaunar. Bai ga giɓi ba, don a cikinsa ba giɓin. Abin da kowa ya sani shi ne ba mai rubutawa, kuma lambobin gwaji ba su da tsofaffi a bayansu.

A cikin watannin nan ne ya kai wa Gwaggo Batulu waya. Ita ce ta raini Daudu, don uwarsu ta rasu yana goye, ita kuma ba ta wuce shekarun tallar goro ba ta ɗaure shi a baya. Aure ya kai ta Babura, miji ya mutu, 'ya'yan da ta haifa ba wanda ya rayu, ta ƙi yarda ta bar ɗakinta. Yanar ido ta rufe mata gani, ga hawan jini, sai maƙwabciyarta Saude ke leƙa ta safe da yamma. Tunda ba ta gani balle ta latsa, Ukasha ya saita wayar yadda duk saƙon da ya shigo za ta karanta mata shi da ƙarfi nan take. Gwaggo ta yi ta sa masa albarka, ta ce yanzu ta samu abokin hira. Da ya koma, shi da hannunsa ya sa wa Shafi'i ɗan aiken a tasa wayar, ya shigar masa da lambobin dangi, ya sa sunan Gwaggo a farko saboda girmamawa.

Damina ta zagayo, jikin Malam Daudu ya ƙi. An je asibiti an dawo, an yi na gida, kumburin ya hau har ciki. Wata la'asar ya sa aka fita aka bar shi da Ukasha.

"Matso nan. Ka san Yaya Batulu ba ta da kowa sai ni."

"Na sani, Baba."

"Na kai mutuwar mutane gidajensu ba iyaka, ban taɓa yar da kowa ƙasa ba. Ba na so tawa ta yar da ita. Ranar da abin ya zo, kai za ka je. Ba waya ba, ba ɗan mota ba. Ka zauna, ka sha ruwa, ka tabbata akwai mace kusa da ita."

"Baba, Allah zai ba ku lafiya."

"Ban tambaye ka wannan ba. In ma tafiyar za ta hana ka sallata, ka tafi. Masu ɗaukata suna da yawa, mai gaya wa Yaya kai kaɗai ne."

Ukasha ya sunkuyar da kai ya ce to. Ya ji tsoro, ya kuma ji wani irin alfahari da ya ba shi kunya, don a cikin 'ya'ya da ƙanne da abokan zama shi aka zaɓa.

Malam Daudu ya cika wata Talata bayan sallar asuba. Hadari ya haɗo ta gabas, Shafi'i ya ce ba za a jira ba, da hantsi za a kai shi. Ukasha ya shiga ya buɗe fuskar uban ya duba, ya mayar ya rufe, ya fito ya ja yayansa gefe.

"Yaya, zan tafi Babura. Don Allah kada kowa ya kira Gwaggo."

"Wa zai kira ta? Ai ba mahaukaci a gidan nan. Yi maza ka tafi."

Kuma gaskiyarsa, ba wanda ya kira ta. Ukasha ya kashe wayarsa ya jefa a aljihu, don kada masu ta'aziyya su yi ta kira a gaban tsohuwa, ya hau babur.

Hanyar Roni zuwa Babura ba kusa ba ce, balle da damina. Ya ratsa duwatsu ya shiga Kazaure, ya wuce ta gaban benen ofishinsu bai ko ɗaga kai ba. Gero ya yi kore shar dama da hagu, mutane na ta noma kamar ba abin da ya faru a duniya. Yana tafe yana bitar abin da zai faɗa, yana gyarawa, yana sake jerawa, kamar yadda yake yi wa bayanan Muhsin. Wajen Achilafiya yayyafi ya sauko. Ya duba rana ya san yanzu an jera sahu a ƙofar gidansu, ana yi wa ubansa salla ba shi. Ya tsaya a gindin wata bishiya ya yi kukansa ya ƙoshi, ya wanke fuska da ruwan kwalba don kada muryarsa ta tona shi, ya ci gaba.

A bakin lungun su Gwaggo ya kashe babur ya tura shi a hankali. Niyyarsa ya fara biyawa ya kira Saude, sai ya tarar tana cikin gidan, zaune a bakin ƙofar ɗaki. Ya ce a ransa Allah ya sauƙaƙa masa. Gwaggo na kan tabarma a rumfa, ta yafa mayafi, ta rufe ƙafafunta da zane. Tsakar gida akwai wanki rabi a kan igiya rabi a cikin bokiti, a gefe kuma an share fasassun tulu an tara. Ya gani, amma hankalinsa na kan abin da ke bakinsa.

Ya yi sallama, ya cire takalmi, ya durƙusa.

"Gwaggo, mun same ku lafiya?"

"Lafiya lau. Ukasha ne? Zauna mana. Saude, ba shi ruwa, ya sha hanya."

Saude ta kawo ruwa ba ta dube shi ba. Ya sha, ko da yake ba ya jin ƙishi. Ya tambayi ido, ta ce da sauƙi. Ya tambayi akuyarta, ta ce ta haihu biyu, ɗaya ya mutu. Ita ma ta tambayi Sadiyya, ta tambayi ko ruwa ya wadata a Roni, ya ce ya wadata, har gyaɗa ta yi fure. Ya ajiye kwanon ruwan. Ya saci kallon Saude ya ga tana kusa, ya ga Gwaggo na zaune daram, bayanta jingine da ginshiƙin rumfa. Komai ya zauna yadda aka ce.

"Gwaggo, dama jikin Baba ne ya yi tsanani."

Ya yi shiru ya jira, kamar yadda ya ji ana yi. Tsohuwa ta juyo da fuskarta wajen muryarsa. Yatsunta na murza bakin mayafi.

"Ukasha, Daudu ya tafi ne?"

"Sai haƙuri, Gwaggo. Yau da asuba."

"Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un." Ta maimaita a hankali, hawaye na bin kumatunta. "Ya sha wuya?"

"A'a. Da kalmar shahada a bakinsa."

"Alhamdu lillahi. Ni na goya shi, ka sani. Bai da nauyi yana yaro, kamar kaza."

Saude ta fashe da kuka ta toshe baki da zane. Ukasha kuwa, a tsakiyar baƙin cikinsa, ya ji wani dutse ya sauka daga ƙirjinsa. Ya rasa jana'iza, amma ya isar. Ba ta faɗi ba, ba ta suma ba, ta karɓa a zaune da mace a gefenta. Ya ce a ransa, Baba, na yi.

A daidai nan ne waya ta yi ƙara daga cikin ɗaki, muryar nan da ya sani fiye da ta kowa ta cika gidan, a sake, ba nauyi ba sauƙi, irin yadda take faɗin farashin gero.

"Saƙo na biyu daga Shafi'i. An kai Baba makwancinsa. Za a zauna karɓar gaisuwa a ƙofar gida."

Ba wanda ya motsa. Ukasha ya ji kalmar na biyu tana yawo a kansa. Ya zaro wayarsa ya kunna. Ga shi nan, saƙon farko, zuwa ga dukan dangi: Allah ya yi wa Baba rasuwa, jana'iza da hantsi a Roni. Wuri ya fito, lokaci ya fito, ba kuskure ko ɗaya. Lokacin da aka tura saƙon, shi Ukasha ko Kazaure bai kai ba. Shafi'i bai kira kowa ba. Mutane sun yi masa yawa, ya ɗaga waya ya ce a sanar da dangi, yana ganin ko yaron da aka yaye jiya ya san ban da wa. Ɗan aike ya duba bayaninsa, ya ga an ce dukan dangi, ya ga an ce jana'iza, ya yi abin da aka rubuta.

Ya ɗago ya dubi tulun da aka share, ya dubi wankin. Saude ta kasa daurewa, ta ɗage zanen da ke kan ƙafafun Gwaggo. Gwiwar dama an ɗaure ta da tsumma, jini ya ɓullo ta ciki, ƙafar ta kumbura har idon sawu.

"Tana shanya abin ya yi magana," in ji Saude. "Ƙarar tulun na ji ta katanga. Na zo na same ta a ƙasa tana laluben ƙofa, tana kiran sunansa. Ni na ce a kira ku, ta hana. Ta ce in share wurin, in zaunar da ita, akwai mai zuwa."

"Gwaggo," in ji Ukasha. Ya dubi tsumman gwiwarta. "Kun sani, kuka bar ni ina ta zance?"

Tsohuwa ta miƙo hannu tana lalube har ta samu kansa, ta dafa.

"Na san Daudu. Na san ba zai bar ni da wancan abin ba, sai ya turo mutum. To ya turo. Zan mayar masa da ɗan aike da saƙo a baki ne? Na ji da safe, amma ba a gaya mini ba sai yanzu."

Ya kifa fuskarsa a kan tabarma. Ita ce ta koma tana ba shi haƙuri.

Gyaran bai ɗauki lokacin da shayi ke hucewa ba. Da ya koma aiki bayan sadakar bakwai, ya zauna kusa da Muhsin suka ƙara layi biyu: in sanarwar rasuwa ce, kada a tura sai an karanta wa mai waya sunayen ɗaya bayan ɗaya, an tambaye shi wa za a je a gaya wa da baki. Ya gwada ta kowace fuska, ɗan aike ya tsaya ya tambaya kowane karo. Muhsin bai yi tsokana ba ranar, bai kuma sake zagaya ofis da makin kowa ba. Shafi'i har yau bai san abin da saƙonsa ya yi ba, don Gwaggo ta hana a gaya masa, ta ce santsin damina ne ya kayar da ita.

Ƙafar ba ta koma daidai ba, da sanda take zuwa bayan gida yanzu. Wayar kuma ta sa Saude ta naɗe ta a leda ta ba Ukasha, ta ce ta gode, kunnenta ne ya gaji. Tana cikin aljihun teburinsa. Yana nan yana awon bayanai, ya fi da tsanani, kuma kowanne ya ɗauka sai ya daɗe yana tambayar kansa abin da ya sani wanda ba a rubuta ba, tambayar da ba ta da ƙarshe, shi ya sa shayinsa ke hucewa. Duk wanda ya je gaishe da Gwaggo takan ce masa Ukasha ne ya zo har Babura ya gaya mata, a zaune, ya cika wa ubansa alkawari. Shi dai ba a taɓa jin ya faɗa ba.